Muryar da Aka Wanke

"Ya ƙone ta! Wayyo Allah, ya ƙone ta duka!"

Mariyatu ta saki taɓarya a cikin turmi ta nufi ɗaki a guje, zanenta na neman kwancewa. Abin da ya fara faɗo mata a rai shi ne autarta Samira, wadda ba ta jin tsoron murhu. Ta bankaɗa labule, ba hayaƙi, ba wuta. Surajo ne durƙushe a kan tabarma, ya damƙe salula da hannu biyu, hawaye na gangarowa har haɓarsa.

"Mi ya ƙone? Kai, yi magana!"

"Duniyar, Mama. Duniyar masu koren jiki. Saura kaɗan in isa, ya riga ni."

Ta tsaya tana haki, ta rasa ko ta mare shi ko ta yi dariya. Surajo ɗanta na biyu ne, amma shi ya zama babba tun da ta farin ta rasu a goye. Shekarunsa ba su wuce sha biyu ba, ga shi yana kuka kamar an aiko masa da rasuwa, a kan abin da ke cikin gilashi.

"Zo ki gani," ya ce, yana jan gefen zanenta. "Ki gani da idonki, don kada ki ce ƙarya ni kai."

Ba ta san abin da ya sa ta durƙusa ba. A cikin gilashin, wani ƙato ne zaune a kan kujerar ƙarfe a tsakiyar taurari. Fatarsa kamar toka, ba shi da leɓe, idanunsa ƙanana. Sunansa na cikin wasan yana da wuyar faɗi, shi ya sa yaran Tabotaki suka laƙaba masa Ci-Duniya. Surajo ya riƙa fassara mata Faransancin da ke fitowa a ƙasan hoton. Ci-Duniya ba ya faɗa da fushi. Idan ya sauka a wata duniya, yakan tara mutanenta ya ce zai bar su da rai in suka miƙa masa mazajensu masu ƙarfi su yi masa bauta. Su miƙa. Ya loda su a jirgi, ya koma sama, ya jira har matan da yaran su fito suna ɗaga hannu, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya. Mariyatu ta ga koguna sun tafasa, ta ga wata koriyar mace rungume da jariri tana gudu ba ta san inda za ta ba. Sai duniyar ta tsage kamar tulun da ya faɗo daga kai.

"Ba shi ke nan ba," Surajo ya ce a hankali. "Duba."

Ƙaton ya jawo taswirar taurari, ya sa babban yatsansa ya goge sunan duniyar. Wurin ya zama baƙi, kamar ba a taɓa yin kowa a can ba. Ya yi wata 'yar dariya mara sauti sosai, ya gyara zama.

"To mi sunka yi mai?" ta ji kanta tana tambaya.

"Ba su yi mai komi ba. Haka nan shike."

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta. Jikinta ya yi sanyi, abin ya kuma ba ta haushi.

"Aje abin ga ka tahi ka ɗebo ruwa. Mu da ke cikin wagga duniya ƙishirwa mu kai."

* * *

Da rani, Tabotaki garin mata ne da tsofaffi. Ana gama ɗaure damman gero maza ke hawa mota, wasu kudu, wasu arewa. A da suna dawowa da ruwan fari. Yanzu akwai waɗanda damina ke wucewa ba su zo ba, wata ta sake wucewa. Alhusaini, mijin Mariyatu, yana cikinsu. Ya tafi Libiya aikin gini tana da cikin Samira, ya bar mata gonar da duwatsu suka fi ƙasa yawa, da tsohuwar mahaifiyarsa Cima, da alkawarin ba zai daɗe ba.

A shekara ta biyu ya aiko da salular ta hannun wani mai dawowa. Mariyatu ba ta yi karatun boko a lakwal ba, amma ta koyi inda ake dannawa. Idan rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi kyau sai saƙon murya ya shigo, abin da suke ce wa wokal, gidan duka ya taru a gindin bishiyar bedi. Alhusaini mutum ne mai son zance. Ya tsokani uwarsa, ya tambayi akuya, ya yi wa Samira waƙar da ya ƙirƙira, ita da bai taɓa ɗauka a hannu ba. Yarinyar ta tashi da sanin cewa Baba yana cikin salula. Akwai kuma waɗansu saƙonnin da yakan fara da cewa a ba Mariyatu ita kaɗai. Waɗannan a bayan rumbu take sauraronsu, ta manna wayar a kunne.

Alhusaini ne ya sa wasan a cikin salular kafin ya aiko. Ya ce kyautar Surajo ce, abokan aikinsa ma suna yi idan an tashi. Akwai jarumi mai shuɗiyar alkyabba wanda ke tashi sama, shi ake tuƙawa da yatsu a bi Ci-Duniya daga wannan duniya zuwa waccan. Cikin raha ya ce wa yaron ya kashe masa dodon nan kafin ya dawo, in ya kashe shi ranar nan zai shigo mota.

Daga nan, a farkon bazara, saƙo ya ɗauke. Ta aika, ta sake aikawa, shiru. Aka ce mata wataƙila an sace masa waya, haka ake yi a can. Aka ce ta yi haƙuri. Ta daina sauraron tsofaffin saƙonnin, don duk lokacin da ta ji dariyarsa sai ta kasa cin abinci. Salular ta koma hannun Surajo gaba ɗaya.

Da farko ta ga sauƙi ne, ko ba komai yana zaune wuri ɗaya. Sai ya fara tashi da jajayen idanu. Ya daina zuwa ƙwallo. Ta aike shi kiwo, awaki suka shiga waken maƙwabta yana zaune a kan dutse kansa a sunkuye. Mushen lakwal, malaminsu, ya zo har gida a kan babur, ya tsaya a bakin darni.

"Madam, yaron ga kai gare shi, amma ba ya zuwa. Kuma ba shi kaɗai ba. In kina son ganin ajina, tahi rumfar Mahfuzu."

Ta san rumfar. Mahfuzu saurayi ne mai allunan hasken rana a bakin kasuwa, shi ke yi wa wayoyin gari sharji, shi ke zuba wa mutane waƙoƙi da wasanni a waya. Ta taɓa wucewa da rana tsaka ta ga yara jere a inuwar rumfar, ba mai magana da wani, kowa ya duƙa a kan gilashi. Ta san uwar kowane ɗayansu, ta kuma san a wace ƙasa ubansa yake.

Ranar da mushen ya zo, ta ɗauki tsumagiya. Cima ce ta shiga tsakani, tana dogara sanda.

"Bar min mijina. Abin ubansa ne shika riƙo."

"Inna, lalacewa shika yi muna kallo."

Surajo ya ɗago daga bayan kakarsa.

"Mama, saura duniya guda. In na kashe shi Baba zai taho. Shi ya ce."

Tsumagiyar ta yi mata nauyi a hannu. Ta jefar da ita a kan danga, ta ɗauki hauya ta tafi gona ita kaɗai.

* * *

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Maiguwa ya dawo. Tare suka tafi da Alhusaini. Da hantsi ya shigo, bai ko je gidansu ya aje jaka ba, liman na biye da shi. Mariyatu na tankaɗe ta ga liman, ta ga yadda Maiguwa ya cire takalmi tun daga nesa ya tsuguna yana kallon ƙasa. Rariyar ta suɓuce mata.

Maiguwa ya ce Alhusaini ya rasu, daga saman gini ya faɗo, katakon da suke takawa ne ya karye. Ya ce bai daɗe yana shan wahala ba. Mai ginin ya sa aka kwashe kayansu aka kore su a ranar, don ba su da takardu, wayoyinsu ma ba su fita da su ba. 'Yan'uwa suka yi masa sutura a wata maƙabarta a bayan gari. Shi kansa Maiguwa an tsare shi wata da watanni kafin a sako shi a bakin iyaka.

"Na so in aiko," ya ce. "Wallahi na so. Amma ban iya a ce a cikin waya kunka ji ba."

Cima ba ta yi kuka ba. Ta riƙa shafa tabarmar da take zaune a kai, tana maimaita sunan da take kiransa da shi tun yana yaro. Mata suka fara shigowa, gidan ya cika da salati.

Ana cikin haka aka ji gudu daga waje. Surajo ya faɗo tsakar gida ƙafarsa duk ƙura, ya ɗaga salula sama, fuskarsa na walƙiya.

"Mama! Na kashe shi! Na kashe Ci-Duniya! A gaban kowa, a rumfar Mahfuzu! Ki aika ma Baba ki ce mai..."

Ya ga liman. Ya ga Maiguwa. Ya dubi bayan Maiguwa, ya dubi ƙofa, kamar akwai wanda ya tsaya a waje yana jira a yi masa iso. Hannunsa ya sauko a hankali. Wata maƙwabciya ta ja shi jikinta, ya tsaya a sandare.

* * *

Bayan sadakar uku, da masu gaisuwa suka ragu, Cima ta kira surukarta da la'asar. Tsohuwar ta rame a 'yan kwanakin, idanunta sun faɗa.

"Mariyatu, sa min shi in ji. Wanda shika ce min tsohuwa mai ran ƙarfe. Shi nika so."

Mariyatu ta ɗauko salular daga ƙarƙashin matashi, inda Surajo ya tura ta tun ranar bai sake taɓawa ba. Samira ta taho da gudu ta zauna a cinyar kakarta, tana tafa hannu. Mariyatu ta danna inda ta saba. Babu ƙaramin hoton Alhusaini da hularsa ta saƙa. Ta fita, ta sake shiga. Ta duba wancan wurin da saƙonni ke taruwa. Fari fat. Ta goge gilashin da gefen mayafi, kamar ƙura ce ta rufe su.

"Surajo."

Yana tsaye a jikin rumbu. Tun kafin ta sake magana ta ga ya kawar da ido.

"Ina wokal ɗin babanku?"

"Mama..."

"Tambayarka ni kai. Ina su?"

Maganar ta fito masa guntu-guntu. Duniyar ƙarshe ba ta cikin wasan da Baba ya sa, sai an ƙaro ta. Mahfuzu yana da ita. Da ya zo zubawa, wayar ta ce ta cika. Mahfuzu ya ce sai an wanke ta duka, ita da katin da ke ciki, ya tambaye shi ko akwai abin da ake so.

"Kai kuma ka ce mi?"

"Na ce... Na ce ya wanke. Na ce Baba zai aiko wasu. Na ce ma in na kashe shi, Baba da kansa zai zo, ba sai wokal ba."

Mariyatu ta miƙe. Ba ta san lokacin da ta isa gabansa ba, hannunta a sama. Yaron bai kare fuska ba, bai ja da baya ba. Ya rufe ido ya miƙo kuncinsa, kamar wanda ya kwana uku yana jiran marin. Ta dubi wuyansa siriri, da kunnuwansa irin na ubansa. Ta tuna ranakun da ta dawo daga gona a gajiye ta gan shi duƙe a kan wayar ta ce a ranta gara haka, ba ya damunta da tambayar yaushe Baba zai zo. Hannun ya sauko da kansa. Ta juya ta shiga ɗaki, ta cusa mayafi a baki don kada Cima ta ji.

A waje Samira na tambaya, "Kaka, Baba barci shika yi?"

* * *

Washegari Mahfuzu ya zo da kansa, ya tsuguna a bakin ƙofa, ita tana daga ciki saboda takaba. Ya rantse bai sani ba. Ya ce kullum haka yake wanke wayoyi, ba wanda ya taɓa dawowa.

"Yaro ƙarami ya ce ka wanke, ka wanke," ta ce. "Ba ka ce ya tahi ya tambayo uwarsa ba."

Da zai tafi ya ce akwai mai gyara a Buza, wataƙila shi ya iya.

Ranar kasuwar Buza, Maiguwa ya ɗauki Surajo a bayan kabu-kabu suka tafi da salular. Mariyatu ta wuni tana kasa kunne ga ƙarar kowane babur. Ta yi ta addu'a a kan abin da ba ta taɓa zaton za ta roƙi Allah a kansa ba: ko guda ɗaya, ko wanda yake tari a farkonsa, ko wanda iska ta cinye rabinsa.

Suka dawo kafin magariba. Maiguwa ya girgiza kai tun daga bakin darni. Mai gyaran ya ce sabon abin da aka zuba ya hau kan tsohon ya danne shi. Ya ce da akwai wayar mai aikowa da an samu, amma ita tana can inda ta tsaya.

Surajo ya miƙa mata salular da hannu biyu. Ta ce ya aje. Ya tsaya bai tafi ba.

"Mama, da na kashe shi, na zaci duniyoyin za su dawo. Ba su dawo ba. Jarumin ya tsaya shi kaɗai cikin duhu, sai rubutu ya hito wai a jira kashi na gaba."

Ta dube shi. Wannan ne karo na farko da ya yi mata doguwar magana tun ranar.

"Tahi ka ci tuwo," ta ce. Ba ta sami abin da ya fi wannan ba.

Ya koma lakwal ba wanda ya ce masa. Ya karɓi hauyar daga hannunta, ya riƙa fita gona da sassafe kafin a buga ƙararrawa. Mutane suka ce yaron ya yi hankali. Mariyatu kaɗai ta san ba hankali ba ne, don ba ta sake jin dariyarsa ba. A rumfar Mahfuzu kuwa layin yaran bai ragu ba, wani ƙarami ma ya zauna a gurbin Surajo. Da aka fara yankan gero, motocin arewa suka soma tsayawa a bakin kasuwa, samari na ɗaure jakunkuna.

Cima ba ta sake neman a sa mata komai ba. Samira ce ba ta gane ba. Kullum da yamma sai ta jawo mayafin uwarta ta ce a sa mata Baba, a ce mata wayar ba ta da sharji, ta yi kuka har ta gaji.

Wata la'asar Mariyatu ta zagaya bayan rumbu ɗebo kara, sai ta ji murya ta tsaya cak. Surajo ne zaune a ƙasa, ya zaunar da Samira ta ba shi baya, ya ce kada ta waiwayo. Ya dunƙule hannu a baki, ya kumbura maƙogwaro yana ƙoƙarin kauraro muryarsa.

"Salamu alaikum mutanen gidana. Ina Samira, ina 'yar Baba mai idon barewa? An ce min kin iya gudu yanzu. To ki jira ni, in na zo za mu yi tsere, daga bedi har..."

Ya tsaya. Ya sake farawa daga "in na zo", ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Mariyatu ta san abin da ke biye. Har rijiya, in kin riga ni in goya ki mu dawo. Ta buɗe baki za ta ba shi, sai ta tarar kalmomin kawai ke gare ta. Ta nemi yadda yake jan ƙarshen maganar, da inda dariya ke karya masa murya, ta lalubo ko'ina a cikin kanta, abin da take ji muryarta ce ita kanta.

Samira ta waiwayo ta dubi wanta, ta ɓata fuska.

"Ba haka Baba ka yi ba," ta ce. "Sake."

Surajo ya goge ido da bayan hannu, ya juya mata kai ta koma kallon gaba. Ya gyara murya, ya sake dunƙule hannu a baki.

"Salamu alaikum mutanen gidana..."